Da wane littafin John le Carré ya dace mutum ya fara?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota karatu. Na daɗe ina karanta littattafan Frederick Forsyth, musamman The Day of the Jackal na 1971, wanda ya ba da labarin makashin da aka ɗauko haya domin ya hallaka shugaban Faransa Charles de Gaulle. Wani malamina ya ce mini muddin ban karanta John le Carré ba, to ban san adabin leƙen asiri ba tukuna. Na samu littafinsa Tinker Tailor Soldier Spy, amma yawan sunaye da yadda labarin yake komawa baya ya sake dawowa sun sa na ajiye shi. Ina neman shawararku a kan littafin da ya fi dacewa da sabon shiga, da kuma abin da ya bambanta marubutan nan biyu.

Tsohon Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka ya faɗi gaskiya, sai dai ka shiga gidan ta ƙofar da ta fi ƙunci. Ka koma ka nemi The Spy Who Came in from the Cold na 1963, domin gajere ne, kuma labarinsa a miƙe yake. Ya shafi Alec Leamas, jami'in leƙen asirin Birtaniya da ya rasa mutanensa ɗaya bayan ɗaya a Jamus ta Gabas, sai shugabanninsa suka shirya masa ya yi kamar an kore shi daga aiki ya lalace da giya, domin abokan gaba su jawo shi jikinsu. An rubuta shi ne jim kaɗan bayan gina katangar Berlin a 1961, kuma marubucin, wanda sunansa na yanka David Cornwell, yana aiki da MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya a ƙasashen waje, a Jamus a lokacin, bayan ya taɓa aiki da MI5 ta tsaron cikin gida. Shi ya sa ya sakaya sunansa.

Game da bambancinsu, Forsyth ɗan jarida ne, saboda haka hankalinsa yana kan yadda ake aiwatar da abu: yadda ake samun fasfo na jabu, da yadda ake ƙera bindigar da za a ɓoye a cikin sandar guragu. Shi kuwa le Carré abin da ya dame shi shi ne abin da aikin yake mayar da mutum, da yadda gwamnatin da take da'awar kare 'yanci take sadaukar da nata mutanen ba tare da ta ji komai ba. Idan ka gama littafin na 1963, Tinker Tailor na 1974 zai yi maka sauƙi. Ka tuna cewa tambaya guda ce George Smiley, tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya kuma tauraron labarin, yake bi tun daga farko har ƙarshe, wato wane ne a cikin manyan hukumarsu yake yi wa Mosko aiki, kuma tushen labarin shi ne cin amanar Kim Philby, jami'in MI6 na zahiri wanda ya tsere zuwa Tarayyar Sobiyet a 1963.

Malama daga Zariya:
Baba, ina neman afuwa, amma ni a ganina ba lallai ne ya fara da littattafan Yaƙin Cacar Baka ba, domin wanda bai san tarihin rabuwar Jamus ba zai iya rasa rabin daɗin labarin. Ni The Constant Gardener na 2001 zan ba shi. A Kenya aka kafa labarin: an kashe Tessa Quayle a kusa da tafkin Turkana, sai mijinta Justin, jami'in diflomasiyya mai sanyin hali wanda ya fi damuwa da shuke-shukensa, ya shiga bin sawun binciken da take yi a kan wani kamfanin magunguna da yake gwajin maganin tarin fuka a kan talakawa. Masu sharhi da dama sun danganta littafin da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kimanin 200, lamarin da ya kai ga shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Duk mutumin Arewa da ya karanta shi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Mai Tsofaffin Littattafai:
Ina goyon bayan Baba a kan wanda za a fara da shi, sannan na Malama ya biyo baya. Abin da zan ƙara shi ne A Most Wanted Man na 2008, labarin wani matashi Musulmi ɗan Checheniya da ya shiga birnin Hamburg na Jamus ba tare da takardu ba, hukumomin Jamus da Birtaniya da Amurka suka yi ta ja-in-ja a kansa. Wasu sun soki littattafan le Carré na ƙarshe da cewa fushinsa da manufofin Amurka ya rinjayi fasaharsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a sukar, amma wannan ya tsira daga gare ta. Malam mai tambaya, ka guji fara kallon fim ɗin Tinker Tailor na 2011 kafin ka karanta littafin, domin zai bayyana maka maci amanar tun ba ka wahala wajen gano shi da kanka ba.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan bi shawarar Baba in fara da na 1963. Malama, ko a cikin The Constant Gardener an ambaci Kano da sunanta, ko kuwa masu sharhi ne kawai suka haɗa alaƙar?