Sikanin ɗin kafaɗa: har ina za a yarda da sakamakonsa kan yagewar jijiya?

Ɗalibar_Gashin_Ƙashi:
Salamu alaikum, malamaina. Idan majiyyaci ya zo da ciwon kafaɗa mai hana shi barci a ɓangaren, kuma hannu ba ya ɗaguwa da ƙarfi, aka yi sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sauti (ultrasound), aka ce jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin damtse lafiya lau suke, shin a tsaya a nan ko a tura shi MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu? Sikanin yana iya tsallake yagewa? Don Allah a fayyace mana.

Likitan_Hoto:
Wa alaikumus salam, malama. Amsar tana rataye ne a kan irin yagewar. Jijiyoyin huɗu ne: ta sama, wato sufrasfinatus, wadda ita ce ta fi yagewa, ta gaba, sai biyu a baya. Akwai yagewar da ta huda jijiya daga sama har ƙasa, akwai wadda ta ci wani sashe na kaurinta kawai.

A bitar 2013 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci, wadda ta gwada hotuna da abin da aka gani ido da ido a tiyata, sikanin ya kama kusan kashi 92 cikin ɗari na yagewar da ta huda gaba ɗaya, MRI kuma kashi 94. A nan kusan kunnen doki suke. Amma a yagewar rabi, sikanin ya kama kusan kashi 52 ne, MRI kashi 74. Don haka idan gwani ya ce babu huji, a yarda da shi. Idan ya ce babu komai sam, yagewar rabi tana iya ɓuya masa.

Kuma kalmar gwani ba ado ba ce a nan, domin hoton a hannun mai riƙe da na'urar yake. Ana amfani da miƙaƙƙen kan na'ura mai ƙarfin mita, wajen megahaz 10 zuwa 15. A fara da doguwar jijiyar ƙwanji a kwarminta, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, tafi yana kallon sama. Ita ce alamar da ake auna komai daga gare ta. Sai a juya hannu waje don jijiyar gaba ta fito. Don ganin ta sama, majiyyaci ya ɗora tafinsa a kan aljihun baya, gwiwar hannu ta koma baya, abin da ke janyo jijiyar daga ƙarƙashin ƙashin rufin kafaɗa. Na baya kuwa, ya dafa ɗaya kafaɗarsa. Kowace jijiya a duba ta a tsaye da kuma a gicciye. Abin da bai bayyana ta fuska biyu ba, kada a rubuta shi yagewa.

Mai_Sikanin:
Ƙari a kan bayanin Dakta: babban tarkon shi ne karkatar na'ura. Zaren jijiya a jere suke kamar na igiya, suna haske ne kawai idan sautin ya faɗa musu a miƙe. Karkatar digiri 5 ma ta isa ta mai da lafiyayyar jijiya baƙa, musamman daidai inda take lanƙwasawa ta kama ƙashi, wanda kuma nan ne yagewa ta fi faruwa. Maganinsa shi ne a ɗan girgiza kan na'urar gaba da baya. Baƙin da karkata ta haifar zai cike ya yi haske, na yagewa ba ya gushewa.

Kuskure na biyu shi ne danna na'ura da ƙarfi tun farko, sai ruwan da ke cikin hujin ya tsere. A fara da sassauci da jel mai yawa, daga baya a danna da gangan: idan tsokar saman kafaɗa ta lotsa ta kusa taɓa ƙashi, akwai huji. A kuma lura da alamun gefe. Fuskar ƙashi ta yi gargada a maƙalar jijiya, ko ruwa a cikin gaɓa da kuma jakar da ke saman jijiya a lokaci ɗaya, ko wani siririn layi mai haske sosai a kan guringuntsi, duk suna cewa a koma a sake dubawa. Ƙiba, sandarewar kafaɗa da ke hana kai hannu baya, da taruwar alli (kalsiyam) a jijiya mai jefa inuwa, su ma suna rage ingancin hoton.

Ɗalibar_Gashin_Ƙashi:
Allah Ya saka da alheri. To yaushe ne MRI ya zama dole, Dakta?

Likitan_Ƙashi:
Idan ana maganar tiyata. Mai ɗinki ba sanin akwai huji kawai yake buƙata ba. Yana son girmansa: ƙasa da santimita 1 ƙarami ne, 1 zuwa 3 matsakaici, 3 zuwa 5 babba, sama da 5 ya yi muni. Yana son sanin nisan da jijiyar ta ja baya, kuma da zarar ta shige ƙarƙashin ƙashin rufi, sikanin ya daina ganinta, don sauti ba ya ratsa ƙashi. Sannan ko tsokar ta rame kitse ya cinye ta, domin irin wannan ko an ɗinke ta tana yawan sake ɓallewa. MRI ya fi nuna wannan, haka ma raunin leɓen guringuntsin da ke cikin gaɓar.

A misalinki, malama, idan raunin hannun ya biyo bayan faɗuwa ne, kuma ya kasa riƙe shi a ɗage, kada a zauna a kan sikanin mai cewa lafiya. A yi hoton ƙashi don kore karaya, a tura MRI da wuri, domin sabuwar yagewa ta fi ɗinkuwa kafin jijiyar ta ja baya. Idan kuwa ciwon a hankali ya zo, ana iya ba gashin ƙashi da motsa jiki makonni 6 zuwa 12 tukuna.

A kuma tuna cewa mutane da yawa da suka haura shekara 60 suna da yagewa a hoto ba tare da wani ciwo ba, shi ya sa ake duba ɗaya kafaɗar don kwatanci. Mai na'urar bugun zuciya da ba ta shiga MRI, ko wanda aka taɓa sa masa ƙarfe a kafaɗa, sikanin ne ya fi dacewa da shi, in ya so a ƙara da hoton CT bayan an yi allurar rini a cikin gaɓar.