'Ya'yansa sun ce kar in faɗa masa, ya zan yi?

Assalamu alaikum manyanmu likitoci da nas-nas, don Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni barci. Shekarata biyu kacal da fara aiki. Akwai wani dattijo da nake dubawa, kansar huhu ce ta riga ta bazu har ƙashi, an wuce maganar warkewa sai dai rage masa raɗaɗi. Parasitamol da tiramadol sun daina masa komai shi yasa muka hau mataki na 3 a tsarin maganin ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 1986, wato mofin (maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi) ta baki duk awa 4, haɗe da maganin bushewar ciki.

To babban ɗansa ya ja ni gefe yana roƙona kar in gaya wa baban gaskiya wai zai karaya, alhali baban hankalinsa garau yake, jiya ma ya riƙe min hannu yace "ɗana, wannan ciwon na tashi ne kuwa?" wallahi na rasa ta cewa sai na hau gyara masa ledar ƙarin ruwa. Ni a ganina haƙƙinsa ne ya sani, ƙila akwai wasiyya ko bashi ko wanda yake so su yafi juna, amma bana so in raba kan iyalin a irin wannan lokaci.

Ita kuma 'yarsa ta kafe cewa mofin ɗin ne zai ƙarasa shi. Na mata bayani in ana ƙara shi a hankali daidai da ciwon, ba ya gaggauta mutuwa, bata yarda ba.

Ku da kuka daɗe a aikin, ya kuke buɗe irin wannan maganar? In fara zama da 'ya'yan ne, ko in tambayi baban iya abinda yake so ya sani?