Lalaci ne, ko wani abu ne daban?

Tela a Unguwar Rogo: Salamu alaikum. Shekara tara ina ɗinki, da ko sanyin Disamba na Jos ba ya hana ni buɗe shago da asuba. Yau wata biyu ke nan, sai in zauna gaban keke ina ta kallon allura, atamfofin mutane jibge. Barci ya ƙi, abinci ba ɗanɗano. Mai ɗakina ta ce lalaci ne.

Ɗalibar ilimin halayyar ɗan Adam: Wa alaikumus salam. Malam, rago ai yana cin tuwonsa ya yi barci har da minshari. Idan ƙuncin rai da rashin sha'awar abin da ka saba so suka wuce mako 2, kusan kullum, likitoci kan duba ciwon damuwa. Yana da magani. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka je.

Wani malami: Ko bashi ne ya danne ka? Tun 1943 masanin halayyar ɗan Adam Abraham Maslow ya nuna cewa mai fargabar abinci da matsuguni da wuya ya yi zumuɗin gwaninta.

Tela: Kuɗin haya kam yana wuyana. Amma rashin barcin ya riga shi. Litinin zan je, in sha Allah.