Wai bindigar 22 abin wasa ce?

Ɗan Dalas:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake shi yasa na ce bari in kawo nan. Wata uku ina tara kuɗi daga tuƙin dare da nake yi, na je na sayi fistol Taurus TX22, mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira 22, dala ɗari uku da 'yan kai, na cika takarda suka duba sunana a kwamfuta suka ba ni, komai bisa doka tunda ina da girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka. Jiya Asabar na ɗauki mijin yayata muka je filin harbi, a gaban mutane ya ɗaga ta ya ce wai wannan ai ta harbin ɓera ce, namiji 9mm mai babban harsashi yake riƙewa. Shi tasa ta fi shekara biyu a akwati bai harba kwali biyu ba don tsadar harsashi. Ni kuwa kwali mai 500 dala 35 na saya, kuɗin da ko harsashi 150 ba za su sai masa ba. Magazin ɗinta, wato gidan harsashi, 16 yake ci, ba ta dukan hannu. Daga taku 15 na zuba goma a wurin da tafin hannu zai rufe, shi nasa duk ƙasa ta hagu suke sauka. Maganata ita ce mai neman na kansa da yake son ya iya harbi da gaske 22 ta fi masa, don ita ce zai iya zuwa ya yi wasa da ita duk sati bai taɓa kuɗin haya ba. In ba haka ba ne a gyara min.

Hajiya Nas:
Ƙanena wasa ka ce? Da bindiga? Innalillahi. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a sashen gaggawa, na ga yaron da aka kawo ramin da ke cikinsa bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ko jini sosai babu a rigar, amma sai da likitoci suka kwana a kansa. Ka janye kalmar nan don Allah.

Ɗan Dalas:
Hajiya ba haka nake nufi ba fa, atisaye nake nufi

Malam na Bronx:
To ka ce atisaye mana. Annabi SAW ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, don bai sani ba ko shaiɗan zai fizgi hannunsa, hadisin yana Bukhari da Muslim. Baki shi ke yanka wuya ɗana, yau ka ce wasa gobe yaronka ya ji ya ɗauka da gaske wasa ne.

Mai Tasi:
Malam Allah ya gafarta, amma ai a Muslim ɗin ne kuma aka ce ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Kuma a gasar Olamfik harbin fistol na mita 25 da wannan harsashin na 22 ake yi, ana ba da zinare. Me ake ce wa Olamfik? Wasanni. To ina laifin yaron nan

Malam na Bronx:
Wasanni daban wasa daban.

Mai Tasi:
Jam'in wasa fa shi ne wasanni Malam

Ɗan Zango:
Mu dai a Kumasi in dattijo ya ce kar ka yi wasa da abu an gama magana, ba a tsayawa ana masa nahawu.

Bakano:
Yanzu kuma daga Kumasi za a koya mana Hausa? Mu da muka tashi muna kallon 'yan bindigar sarki a hawan sallah suna ɗura albarushi suna sakin ta, hayaƙi ya rufe ƙofar fada yara na ihu ana guɗa, wa ya taɓa cewa sun yi saɓo

Ɗan Zango:
Kakana daga Kano ya zo fataucin goro, kar ka kawo min raini. Hausar da kuke cakuɗawa da Turanci a Kanon ce za ka yi min gori da ita?

Tsohon Soja:
Ku dakata yara. Duk wanda ya ce 22 abin wasa ce bai san tarihi ba. Ranar 30 ga Maris 1981 da ƙaramar bindigar 22 mai araha aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan, harsashin ya karya haƙarƙari ya shiga huhu saura kaɗan ya kai zuciya. Kakakinsa James Brady a ka ya same shi, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, kuma binciken da aka yi maka a kwamfuta kafin a ba ka taka daga dokar da aka sa wa sunansa a 1993 ya samo asali. Sanata Robert Kennedy ma a 1968 da 22 aka kashe shi. Amma kuma ni ba zan dogara da ita ba ranar tsanani. Ita rimfaya ce, sinadarin da ke tada wutar a zagayen gefen gindin kwanson yake ba a tsakiya ba, allurar bindiga gefe take duka, in aka yi rashin sa'a wurin bai samu sinadari ba sai ka ja kunama ka ji ƙas shiru. Ga datti, bayan harbi ɗari biyu uku ka duba cikinta kamar gindin tukunya.

Ɗan Dalas:
Baba wannan gaskiya ne, jiya a cikin 200 uku sun ƙi tashi, na jira kaɗan bakinta na kallon gaba sannan na fitar, ka ga shaidar allura a gefe ƙarara. Amma ni ban ce abin wasa ba ce fa, mijin yayata ne ya raina ta, ni kare ta nake yi

Hajiya Nas:
Ka koma sama ka karanta, da hannunka ka rubuta "ya yi wasa da ita".

Ɗan Gusau:
Allah sarki. Ku kuna can kuna wasa da harsashi 500 a sati, mu nan ƙanin mahaifina gonarsa shekara uku bai taka ba. A 2022 gwamna Matawalle ya ce kowa ya nemi lasisin bindiga ya kare kansa, ba a jima ba babban hafsan tsaro Janar Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, shi kenan magana ta mutu, ɓarayi da AK mu da harbi-ka-ruga. Sannan a zo ana mana hirar taku 15.

Lauya:
Gaskiyar Irabor ce ta fuskar doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol a jerin waɗanda sai shugaban ƙasa ne ke ba da izininsu, ko sufeton 'yan sanda bai isa ba balle gwamna. Don haka kar wani a gida ya karanta wannan ya fara neman 22 a bayan fage, ɗauri ne.

Ɗan Gusau:
Dama ku lauyoyi kullum kuna bayan gwamnati

Lauya:
Ni doka na faɗa, ban ce ta yi min daɗi ba.

Mai Tasi:
Ɗan uwa na Gusau Allah ya kawo muku sauƙi, amma mu ma ba a aljanna muke ba, ka taɓa ɗauko fasinja ƙarfe biyun dare yana bayanka hannunsa a aljihu?

Bakano:
Ni har yanzu ina jiran na Kumasi ya gaya min jam'in wasa

Admin:
Ya isa haka jama'a, an kusa la'asar a nan. Na karanta duka daga sama. Abin da ya fito fili shi ne Hajiya da Malam suna da gaskiya, bai kamata a haɗa bindiga da kalmar wasa ba, kuma Baba soja ya tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa, 22 ba abin dogaro ba ce, shi kansa mai ita ya amsa cewa uku sun ƙi tashi. Ni 9mm gare ni kuma ban taɓa nadama ba, mai arha shi ke sayen tsada. Maganar Olamfik da hawan sallah ba su shafe mu ba. Ɗan Dalas ka ba mijin yayarka haƙuri babba ne, kuma ka sayi akwati mai makulli tunda akwai yara a gidan. Bakano da Ɗan Zango ku same ni ta bayan fage.

Ɗan Dalas:
Akwatin tun ranar da na sayo ta na haɗa da shi, harsashi ma daban nake kullewa. Haƙuri kuma zan ba shi don yayata. Amma Asabar mai zuwa ƙarfe goma ina filin, ya zo da 9mm ɗinsa ni zan biya kuɗin takardar saiti.