"Gani ya kori ji": to Toma ya yi laifi ke nan?

Maman Tabita: Salama 'yan'uwa. Ran Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan Ayuba 42:5, inda Ayuba ya ce da can labarin Allah yake ji da kunne, yanzu kuwa idonsa ya gan shi. Sai ya rufe da "gani ya kori ji". Muna fitowa muka kaure da maigida. Shi wai Yesu ya ce wa Toma, almajirinsa da ya ƙi yarda ya tashi daga matattu sai ya gani da idonsa, masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya, don haka wannan karin maganar kasuwa ce, ba ta majami'a ba. Har tuwon dare ba mu shirya ba. Ku raba mu.

Ɗan Wusasa: Baban Tabita ya fi ki gaskiya, Mama. Romawa 10:17, bangaskiya ta wurin ji take zuwa. In an kori ji me ya saura?

Tsohon Mai Bishara: Ɗana, kora ba kisa ba ce. Sarauniyar Sheba ai jin ne ya taso ta da raƙumanta har Urushalima. Da ta ga hikimar Sulemanu ta ce ashe ko rabi ba a faɗa mata ba.

'Yar Zumunta: Kun tuna mini da kakata. Da kakanmu ya karɓi bishara sai 'yan'uwansa suka ware shi a rabon gona, suka ba shi wani kwari da ruwa ke kwanciya, dawa ta ruɓe tun tana tsaye. Ita an yi mata baftisma dai, tana rera waƙa da kowa, amma zuciyarta na gefe. Duk damina in ya ce Allah ya san abin da yake yi, sai ta ce "Allahn nan naka ya san komai banda zaɓen gona." Shekara 9 tana wannan mita. Sai ga farin 1973. Gonakin tudu suka ƙone ƙurmus, kwarin nan kaɗai ya yi dawa a unguwar. Ta ce ranar da ta shiga ta ga zangarniya ta sunkuya, zama ta yi a kan kunya tana ta kuka, ta kasa ko addu'a. Waɗanda suka ware su ɗin da ƙwarya suka riƙa zuwa, ita ke auna musu da hannunta.

Ɗan Wusasa: To waɗanda gonarsu ta ƙone fa, su me suka gani?

'Yar Zumunta: Sun ga tuwo mana. Kuma kada ka ɗauka ta daina mita. Har ta rasu cewa take da Allah ya gaya mata tun farko, da ba ta yi shekara 9 tana cin mutuncin bawan Allah ba.

Kawu Direba: Allah ya jiƙan kaka. Mu kam sau uku muna ji a rediyo an kwalta hanyar garinmu. Jiya na bi ta, gani ya kori ji, ya haɗa da tayata biyu.

Maman Tabita: Kawu don Allah kada ka kai mu can.

Kawu Direba: Toma ma ya yi sauƙi, kwana takwas kawai ya jira. Mu wancan mai babbar rigar da ya yi mana alkawarin taki, zaɓe na biyu ke nan.

Tsohon Mai Bishara: Ni abin da ya tsaya mini, shekarun nan 9 da ba ta ga komai ba, me ya hana ta tattara kayanta? Kuma Ayuban ma ku duba, dukiyarsa ba ta dawo ba tukuna sa'ad da ya ce ya gani. Yana kan toka.

Ɗan Wusasa: Baba kenan kun dawo gefena.

Tsohon Mai Bishara: Ban ce ba.

Maman Tabita: Na nuna wa maigida, ya ce shi labarin kaka kawai ya ji, bai gani ba. 'Yar Zumunta, kwarin yana nan har yau?

'Yar Zumunta: Yana nan, ƙanen babana shinkafa yake sawa yanzu.