Wai minti 30 ya isa wajen lissafin zafin da ke tashi daga ƙasa?

Ɗan Samaru: Salam 'yan uwa. Ni dai ina nan kan bakana, wannan matsakaicin minti 30 da muke yi a edi kobariyans, wato hanyar auna zafi da tururin ruwa da iska ke ɗauka daga ƙasa zuwa sama, shi ke cinye mana zafi. Na'ura na auna iska sau 10 ko 20 a sakan ɗaya, sai mu yanka bayanan rabin awa rabin awa, to manyan kewayen iskan da ke daɗewa kafin su wuce hasumiyar da na'urar ke kai ina suka shiga lissafi? Shi ya sa busasshen zafin da ke ɗumama iska da na tururin ruwa in ka haɗa ba sa cike zafin da ke akwai, wato hasken da ƙasa ta riƙe in an cire wanda ya shige cikinta, a tashoshin FLUXNET, haɗakar irin waɗannan hasumiyoyi na duniya, da aka duba a 2002 giɓin ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari.

'Yar Yamai: Giɓin kam akwai shi yaya, amma in ka ja lokacin zuwa awa 2 ai rana ta ɗaga, iska ta juya, sharaɗin cewa yanayi bai canza ba ya rushe kenan. Kuma a wuri irin Wankama a Nijar, inda AMMA, shirin binciken daminar Afirka ta Yamma, ya kafa hasumiya a gonar gero, rairayin sama na shan zafi sosai da hantsi, in ba ka lissafa wanda ke ajiye saman farantin auna zafin ƙasa da aka binne ba dole ka ga giɓi.

Ɗan Samaru: Wannan na yarda. Amma masanin nan Finnigan da abokansa a 2003 da suka tsawaita lokaci a daji ai giɓin ya ragu.

Malam: Daji mai dogayen itatuwa daban, gonar gero daban. Ku yi gwajin ojib a bayananku, wato zanen da ke tara zafin daga gajerun kewayen iska zuwa dogaye, in layin ya kwanta kafin minti 30 magana ta ƙare. Abin da ya fi damuna shi ne kewayen iskan da ke tsayawa wuri ɗaya saboda nan gona can saura can fako, hasumiya ɗaya ba za ta kama shi ba ko kwana za ka yi kana matsakaici.

Bakatsine: To Malam mu raba giɓin da ma'aunin Bowen kawai mana, wato gwargwadon yadda busasshen zafi yake da na tururi a awonmu, kowa ya huta.

'Yar Yamai: A'a wallahi ƙanina, in mafi yawan abin da ya ɓata busasshen zafi ne fa? Ka ƙara wa tururi abin da ba nasa ba, gobe a ce gero na shan ruwan da bai sha ba.

Malam: Ku ajiye lambobin biyu, gyararre da wanda ba a taɓa ba. Ɗan Samaru turo min fayil na sati ɗaya na damina da ɗaya na rani, mu gudanar a manhajar EddyPro da minti 30 da 60.