Shawarwari kan ƙirga ɓeraye da jemagu a dajin Ngel Nyaki

Masu binciken da suka tattauna aikin dajin Ngel Nyaki, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, sun fi jaddada batun tarko. Sun ce a ɗana tarkon akwati mai kama dabba da rai, a sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa don jawo dabbar, a zuba auduga saboda sanyin dare, sannan a duba da asuba, domin jaɓa, idan ta faɗa tarkon, ba ta jure yunwa ko na 'yan sa'o'i. Jemagu kuwa, a kafa musu raga mai laushi a kan rafi da magariba, kada a bar ta ba mai tsaro. Safar hannu da rigakafin ciwon haukan kare wajibi ne, kuma a ganina tsoron zazzaɓin Lassa kaɗai ya isa a kiyaye wajen taɓa ɓera.